Yadda Baba Saje Ya Raba Ni da Lamba Tara

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba Saje Mamman ya san ba ya karɓar hannu. Kana miƙa masa, sai ya wuce hannun ya cafki damtsenka ya matsa, kamar mai tayin ragon layya, sannan ya dube ka ya ce, "Kitse." Ko limaminmu bai tsira ba. Ni kuwa ba ni da inda zan kai ƙara, tunda ni na jajibo shi da kaina.

A lokacin muna da ƙungiyar ƙwallo ta ɗaliban Arewa da ke karatu a Manchester. Ni ne kyaftin, ni ne kuma mai lamba tara, kuma ban haɗa rigar nan da komai ba. Duk shekara bayan babbar salla muna karawa da ɗaliban Birmingham, duk shekara su lallasa mu. Ni dai na ce matsalar ba a gaba take ba, 'yan baya ne ba su da numfashi, don haka a nemo mai horar da jiki. Wani likita ya ce ga surukinsa can a unguwar Handsworth ta Birmingham, tsohon mai horar da sojoji. Yana aiki a ɗakin motsa jiki na unguwa, sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe wurin, yanzu yana gida yana gyara wa jikoki tafiya.

Muka sa ranar tantance shi a gidana da ke unguwar Hulme, hawa na bakwai. Mu uku ne alƙalai, har da tambayoyi na rubuta a takarda. Sai ga wayarsa daga ƙasa.

"Ku sauko."

"Baba, ai akwai lift," in ji ni.

"Na gan shi. Ku sauko."

Muka sauko, ya ce mu biyo shi ta matakala. A hawa na huɗu na durƙusa kamar zan ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Da muka iso, yana tsaye a bakin ƙofa ko haki ba ya yi.

"To Dakta, yi tambayoyinka." Dakta yake ce mini tun ban gama babi na biyu na kundin digirina ba.

Na buɗe baki, iska kawai ke fita.

Ya ce, "Shi ke nan, na ɗauke ku."

Ranar horon farko na ce, "Baba, jami'a tana da gym, mu yi booking mana."

"Wanda bai iya ɗaukar abincinsa ba, me zai yi da ƙarfe? Kowa ya zo da buhun shinkafar gidansa."

Haka muka jeru a filin unguwa cikin yayyafi, masu neman digiri na biyu da na uku, kowa da buhu a wuya muna tsallen kwaɗo. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya da karenta, ta tambaye ni cikin tausayi ko food bank za mu kai, inda ake raba wa mabuƙata abinci. Na fassara wa Baba, duk da ya ji sarai. Ya ce, "Gaya mata tukunna, saura ashirin." Matata kuwa ta yi wata guda tana tambayar abin da ke jiƙa mata shinkafa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Shekara uku, in aka yi gudun zagaye fili ni nake zuwa na ɗaya, har nakan juyo in yi wa na baya faɗan ragwanci. Baba ya yi mako biyu yana kallonmu. Rannan sai ya kira Nura, wani ɗan Gusau mai digiri na biyu, shiru-shiru da shi.

"Kai, me ya sa kake taka birki in ka iso bayan Dakta?"

Nura ya sunkuyar da kai. "Baba, ai yayana ne. Ajinsu ɗaya da babban wanmu. It won't look nice in wuce shi."

"Ku fa sauran?"

Wani ya ce, "Shi ya tarbe mu a airport, Baba. Flat ɗin ma shi ya samo mana."

Baba ya juyo. "Dakta, ka yafe musu su wuce ka?"

Na yi dariya na ce, "Na yafe. Wanda ya isa ya wuce."

Ya busa usur. Ban kai kwanar farko ba na ji "Afuwan, Yaya," Nura ya wuce. "Sannu, Yaya," wani ya wuce. Kowa sai ya gaishe ni sannan ya wuce. Na ƙarshe mai tsaron gidanmu ne da tumbinsa, shi har da tambayata ya iyali. Ashe shekara uku kara ake yi mini, ni kuma ina ta hura hanci. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Na ga lamba tara na shirin kuɓuce mini, amma ban haƙura ba. Na sa aka yi dambun nama, na hau jirgin ƙasa har Birmingham na kai masa gida. Ya zauna ya cinye tas, ya suɗe yatsa, ya ce, "Allah ya yi wa maiɗakinka albarka. Nura zai sa tara."

Ranar wasa na tsaya can nesa da shi, hannu a aljihu, na sha mur. Na ƙudura ko gaishe shi ba zan yi ba. Ana take wasa sai ya yafito ni. Na zo ina jan ƙafa, ya dafa kafaɗata, sai na ji nauyinsa duka a kaina, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ya ce a hankali, "Ƙirjin ya ƙi, Dakta. Likita ya hana ni ɗaga murya. Kada yaran su sani. Ni zan faɗa, kai ka kai musu."

Haka aka yi wasan. Ya raɗa mini, ni in kwarara. "Nura, hagu." "Ku koma baya." Har muryata ta dushe, kuma ranar muka ci Birmingham, Nura ya zura. Ana ta tsalle a fili, shi yana riƙe da ni bai sake ni ba.

Ya ce, "Ƙafarka ta malamin makaranta ce. Amma wannan maƙogwaro, da a bariki kake da ka wuce ni muƙami."

Wasansa na ƙarshe ke nan. Kafin wata sallar ta zagayo mun kai shi makwancinsa. Har yau ina jin zafin hannunsa a kafaɗata, kuma har yau ina nadamar shan mur ɗin da na yi masa da safen nan.

Allah ka jiƙan Baba Saje, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da bai taɓa yarda ya ba mu ba. Amin.