Takabar da Babu Masu Gaisuwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ɗinki, da masu cewa "Rabi, lafiya kuwa?", duk na ga saƙonninku. Amsawar ce ta gagare ni. Yau dai zan yi magana.

Mijina, Baban Ummi, ya rasu bara waccan. Abin da kuka ji ana raɗawa gaskiya ne: shi ya kashe kansa. Ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau.

Mutum ne mai raha. Hatsi yake sarowa daga ƙauyukan Sabuwa ya kawo kasuwar Ƙanƙara. In ya dawo, tun daga zaure nake jin muryarsa yana tsokanar 'yarmu Ummi. Da hanya ta daina biyuwa saboda tsoron 'yan bindiga, gonarsa ma ta gagara zuwa, sai ya fara shiru. Ya daina zama majalisa, abinci sai ya taɓa ya ture. Na ɗauka gajiya ce. Wallahi ban san ciwo ba ne.

Ranar jana'iza wasu maza suka tsaya daga nesa, suka ƙi shiga sahu.

Na shiga takaba. An shimfiɗa tabarmi, babu masu zama. 'Yan kaɗan ɗin da suka zo, "sai haƙuri" kawai suke cewa su miƙe, babu mai cewa Allah ya jiƙansa. Na ji wata a tsakar gida tana cewa, "Namiji ba ya yin haka a banza, a tambayi matar." Wata kuma ta ce mini ido da ido kada in ɓata addu'ata, an riga an san makomarsa. Ummi ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce babanta ɗan wuta ne.

Ciwona ya fara da ƙeya, kamar an ɗora mini turmi. Sai bugun zuciya. Barci ya ƙaura. Na rame har zani ya daina zama a ƙuguna. In zauna gaban keken ɗinki in manta abin da na zo yi.

Na sha maganin kyamis na gaji. A asibiti aka ɗebi jini, aka auna maleriya, aka auna taifot, aka ce olsa, aka ce jinina ya hau. Awakina suka tafi a kuɗin awo da magani. Ban ji sauƙi ba.

Inna, mahaifiyata, ta zo ta tafi da mu gida Sheme.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne mafi nauyi. Kewarsa ta kai ni har na fara tunanin in bi shi. Tsoro ya kama ni. Wata rana da hantsi Inna tana tsince wake, na zauna kusa da ita na faɗa mata.

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage ni ba. Ta ajiye faifai ta riƙe hannuna ta ce, "Gobe sai asibiti. Na ga abin da shiru ya yi ma mijinki, ba ni ba shi ɗiyata."

Da muka je asibitin aka tura mu Katsina, wajen likitocin ƙwaƙwalwa. Na ji kunya a layi, ina rufe fuska da hijabi kada a ce Rabi ta haukace. Likitan ya duba katina, ya ɗago ya ce, "Malama, wa kika rasa?"

Tun rasuwar babu wanda ya tambaye ni haka. Na yi kukan da ban yi a takaba ba, shi kuwa bai katse ni ba.

Da na lafa ya ce, "Wannan ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Yadda kika ba ni labari, da alama shi maigidanki ya yi fama da shi. Ba ke kika jawo ba."

Maganin bai yi aiki nan take ba. Da farko jiri da bushewar baki kawai na gani, har na so in watsar. Inna ce ke ba ni da hannunta. Duk wata mu hau mota mu koma, a duba ni, mu yi hira da likita. A hankali barci ya dawo, na fara jin ɗanɗanon tuwo.

Abu ɗaya ya rage yana cina. Na je Faskari wajen Baba Malam, abokin marigayi mahaifina. Na durƙusa na ce, "Baba, ya halatta in yi masa addu'a?"

Ya ce, "Wa ya hana ki? Aikin haramun ne, ba mu ce ba haramun ba ne. Amma Musulmi ne, kuma Allah kaɗai ya san halin da hankalinshi ke ciki ran nan. Babu wanda aka ba makullin wuta a garin nan." Ya ɗaga hannu ya ambaci sunan mijina, ya roƙa masa rahama da murya sosai. Na ce amin har muryata ta dishe.

Alhamdulillah, yanzu na koma ɗinki. Ina shan maganina, ba na fashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da likitana, da Baba Malam, da maƙwabciyata Hajiya Larai da ta riƙa aiko mana kunu lokacin da kowa ke kauce wa ƙofarmu.

Shawarata: in naku ya yi shiru, ya daina ci, ya daina barci, ku tambaye shi kai tsaye, ku kai shi asibiti. Addu'a da magani ba sa faɗa. In ke ce tunanin ya zo miki, ki faɗa wa wani yau, kada ki bari sai gobe. In kuma irin wannan rasuwar ta faru a unguwarku, ku kiyaye harshe, akwai mata da 'ya'ya suna ji.

Har yanzu ina kewarsa. Na faɗa wa likita, ya ce wannan kam ba ciwo ba ne, ba shi da maganinta. Ni ma ban ce ya ba ni ba.