Gyaran da Na Yi wa Shagon Baba

Babanmu kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar. Dogo ake ce masa a unguwa, kuma tsawon nan bai tsinana masa komai ba sai karo da ƙofa. Goshinsa duk tabo ne, ƙwaurinsa kuwa kada ma a yi magana. 'Yan shekarun nan abin ya yi yawa. Yau guduma ta faɗo masa a yatsa, gobe katako ya zame ya buge shi a kafaɗa, ya shigo gida yana ɗingishi, wai ba komai.

Shagon nasa ne abin haushi. Wallahi ko akuya ba za ta iya ratsa shi ba. Zarto a rataye daidai kai, gwangwanin ƙusoshi a tsakiyar hanya, benci a karkace kamar jefo shi aka yi. Kuma doka ɗaya gare shi, kada wanda ya taɓa masa komai. Ka matsar da ko tsintsiya, ranar sai maƙwabta sun ji mu.

Bara da murfin kabad ya fasa masa gira har aka yi ɗinki huɗu, Yaya ya ce ya gaji.

"Baba, in ka sake jin ciwo a shagon nan, kwaɗo zan sa masa. Ka zauna gida, ai ba mu gaza ba."

Ni kuwa na san in aka raba shi da shagon nan an gama da shi. Tun rasuwar Inna can yake wuni, ko da aiki ko babu.

Shi ya sa ranar da ya tafi gaishe da ƙanwarsa na ɗauki mabuɗi, na ci ɗamara. Na share, na jera katakai gefe guda, na janye bencin jikin bango, na sauke zarto da guduma na zuba a akwati. Har bayana ya ƙage. Na tsaya bakin ƙofa ina yaba wa kaina, wai ni mai dabara.

Washegari da safe na raka shi, ina jiran a sa min albarka. Ya buɗe, ya sunkuya, ya shiga da saurinsa na kullum. Taku uku, ya miƙa hannu zai dafa benci. Babu benci. Ya tafi gaba ɗaya, fuskarsa ta daki bakin katakan da na jera da hannuna. Nan da nan jini ya wanke masa riga.

Ina kuka ina masifa. "Haba Baba! Fili fetal, ba ka gani ne?"

Ya dafe goshi. Can ya ce, "Auta, ina kika kai min bencin?"

Bencin yana nan gefensa, taku biyu, rana tana haska shi.

Sai a asibiti ya faɗa, shi ma wa likita, ba mu ba. Shekara uku ke nan dishi-dishi yake gani. Da ƙirga taku da lalube yake aiki, ya haddace inda kowane abu yake. Ya ɓoye ne don kada a ce ya zauna. Mu kuma shekara uku muna ce masa garaje ya yi masa yawa. Ni da nake wanke masa ciwo kullum, ban taɓa tsayawa na dubi idonsa ba. Har yau in na tuna, haushin kaina kamar in yi me.

Yaya ya cika alkawari, ya sa kwaɗo tun kafin a sallamo Baba. Na tare shi na ce laifina ne, ya ce ko laifin waye, magana ta ƙare.

Yanzu Baba a tsakar gida yake wuni, kan kujerar da ya haɗa da hannunsa. Jiya na kai masa ruwa, ya riƙe min hannu.

"Auta, ki roƙi yayanki mabuɗin. Ba aiki zan yi ba. Ki je dai ki mayar da komai inda kika same shi."

Na ce to. Amma wallahi ban tuna inda na same su ba.