Takalmin Bakin Ƙofa

Lokacin da nake neman ɗaki a Zuba da 'yata goye a baya, duk gidan hayar da na shiga tambayar ɗaya ce: "Ina oga?" In na ce mun rabu, sai a ce an riga an kama ɗakin. Wani ma ya gaya min ido da ido, ba ya ba bazawara haya, kada gidansa ya koma dandali. Ni da rabona da kwalli har na manta!

Sai na yi ƙarya. Na ce mijina direban tirela ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Da haka wani mai gida ya ba ni ɗaki. Na sayi takalmin maza na gwanjo, baƙi, ƙato. Lokaci-lokaci in ajiye shi a bakin ƙofa ya kwana biyu, sannan in ɓoye. Ranar da takalmin ke waje, har mai gidan kan rage murya in zai wuce.

Lemo da abarba nake sarowa a kasuwa in kasa a bakin titin Kaduna. Ciwon kai ya ƙi barina, ƙafafu suna kumbura. A kemis aka gwada ni, aka ce hawan jini ne, in rage tunani. In rage in ba wa? Sau da yawa ina fere abarba hawaye na zuba, ban san dalili ba. Ban gaya wa kowa ba, tunda a gidan matar aure ce ni.

Wata safiya, takalmin na waje, na sunkuya zan ɗauki bokiti sai ɗakin ya juya. Na faɗi. Bakina ya karkace, kira ya ƙi fita. 'Yata, wadda ba ta fara magana ba, ta yi ta tsala kuka a kaina. Ina jin maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai kirki, ta zo har ƙofa, ta tsaya, ta juya.

Sai bayan azahar ta kasa haƙuri ta ɗaga labule. A asibiti likita ya ce da an kawo ni da wuri, da hannun hagun nan bai mutu ba. Maƙwabciyar tawa ta fashe da kuka.

"Allah ya sani, 'yar'uwa, na ji kukan. Takalmin oga na gani, na ce ba na shiga tsakanin miji da mata."

Ban ji haushinta ba. Haushin masu gidajen nan nake ji, har gobe, kuma ban yafe ba.

Ranar da aka sallamo ni, mai gidan ya tare ni a tsakar gida.

"Sannu, madam. Oga fa? Bai zo duba ki ba?"

"Yana hanya," na ce.

Da yamma na matse takalmin a tsakanin gwiwoyina, na goge shi da hannun da ya rage min, na mayar da shi bakin ƙofa.