Taƙi Biyu da Rabi

Surukata ta zo mana London a farkon Disamba, shekarar da gwiwa ta matsa mata. Maigidana likita ne, shi ya dage sai ta zo an duba ta, shi kuma ya zaɓi watan, saboda haka alhakin sanyin da ta sha yana wuyansa. Wata uku za ta yi. Ranar da ta sauka ta leƙa taga da ƙarfe huɗu na yamma, ta ga gari ya yi duhu, ta tambaye ni ko husufi aka yi. Na ce a'a Hajiya, haka za mu yi ta fama har Maris. Ta ce Allah ya kyauta, ta ja labule.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, Hajiya kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa, in ya durƙusa gaishe ta bango take amsa wa. Tun daga yaye aka kai shi wajen kakarsa, can ya girma. A gida wannan ba wahala ba ce, tsakar gida na da faɗi, kowa ya kama gabansa. Amma mu ɗaki biyu gare mu a hawa na uku a Whitechapel, da wani siririn lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Ni na zama ɗan aike. Yana zaune a kujerar da ke kusa da tata za ta ce, "Ki gaya wa likitan naku gwiwar ta yi sauƙi." Ni kuma in juya in gaya masa, shi kuma ya ce alhamdu lillahi kamar yanzu ya ji.

Sati biyu da zuwanta zaman ya fara cin ta. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo, babu bikin suna, babu gaisuwar mara lafiya. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna, alwala ɗaya ta ishe su. In ta idar sai ta zauna jikin hita ta zuba wa yayyafi ido. Tausayinta ya kama ni, ga shi ni ma ba gwanar hira da suruka ba ce.

A lokacin ina da wata saƙa da na koya a waya, ɗan gyalen wuya da na shekara biyu ina yi. Gefe ɗaya ya yi faɗi, ɗayan ya tsuke, tsakiyar kuwa ramuka ne da ni kaina ban san yadda aka yi suka samu ba. Wata rana Hajiya ta miƙo hannu ta ce mu gani. Na ba ta ina jiran yabo. Ta juya shi, ta ɗaga shi wajen fitila, sannan ta zare tsinken ta kama bakin zaren ta ja. Ina tsaye aikin shekara biyu ya koma dunƙule. Raina ya ɓaci sosai, har na shiga kicin na yi ta buga tukwane. Ashe a ƙuruciyarta babu jaririn unguwarsu da bai sa hula da safar da ta saƙa ba.

Washegari ta aike ni kasuwa in sayo ulu mai kauri, ruwan toka mai duhu.

"Na wa, Hajiya?"

"Akwai masu fita da sassafe ba rigar kirki," ta ce, tana duban hita.

Mutum ɗaya ke fita da sassafe a gidan. Nan na gane abin da ke ranta: tana so kafin ta tafi ta sa masa wani abu da hannunta ya yi, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta haife shi, ba kuma za ta iya faɗa ba.

Matsalar ita ce awo. Na kawo tef na ce bari in auna shi in ya dawo, ta ce kada in kuskura in tona mata asiri. Na kawo rigarsa na shimfiɗa a gabanta, ta ce in kwashe mata kayan mutane. Sai na yi dabara, na ce masa tela ke neman awonsa na ɗinkin Sallah, na rubuta a takarda na ajiye mata kan dardumar salla. Da yamma na tarar ta ƙunshe goronta a ciki.

Haka ta ɗora saƙar da ka. Hannunta na gudu, tsinkayen na ƙara, gidan ya samu sauti. In ta ji makulli a ƙofa sai ta cusa komai ƙarƙashinta ta ɗauki carbi. Rana ɗaya ta zauna kan tsinke, ta yi salati da ƙarfi, shi kuma ya rugo yana tambaya ko gwiwar ce. Ta ce in gaya masa gwiwar ce.

Da bayan rigar ya fito na ga ba lafiya. Maigidana ya ajiye tumbi, rigar kuwa ko ni sai na riƙe numfashi.

"Hajiya, anya ba ta yi kaɗan ba?"

"Taƙi biyu da rabi ne."

"Wallahi ya fi haka. Ni nake goge masa kaya."

"Ni za ki gaya wa?" Ta ware yatsunta kan saƙar, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, sau biyu da rabi. "In ya zo hutu daga makarantar kwana, ni nake wanke rigarsa in kowa ya fita. Taƙi biyu da rabi ne."

Ta ji abin da ya fita daga bakinta, ta tsuke shi, ta ci gaba da saƙa. Na koma kicin, amma wannan karon ban taɓa tukunya ba.

Ta gama ana jibi za ta tafi. Ranar tafiyar, akwatuna na bakin ƙofa, maigidana yana cewa ya kira motar haya tana hanya, sai ta miƙo mini rigar a leda ta ce in ajiye ko za a samu mai so. Wata uku ina kai saƙo, ranar na gaji. Na zare rigar na danƙa masa a gabanta na ce, "Ga shi, Hajiya ce ta saƙa maka."

Ta juya wajen taga. Shi kuma ya tsaya riƙe da ita kamar an ba shi jariri. Sai ya tuɓe kwat ya zura kai. Kan ya maƙale, gilashinsa ya faɗi, sai da na ja ta baya kafin kunnuwa suka fito. Hannuwan suka tsaya a gwiwar hannu, ƙasan ya tsaya sama da cibiya, tumbin ya leƙo cikin farar shet. Ya kasa sauke hannuwansa. Na toshe baki, dariyar ta ƙwace ta hanci.

Dariyar ce ta sa Hajiya ta waiwayo. Ta dube shi, ba ta kawar da kai ba. Tun daga furfurar gemunsa har ƙasa ta bi shi da ido, a hankali. Sannan ta tako da gwiwar nan tata, ta kama bakin rigar da hannu biyu ta ja ƙasa. Ta saki, rigar ta koma inda take. Ta sake ja, wannan karon ba ta saki ba.

"Ashe ka girma," ta ce.

"Na ɗan jima da girma, Hajiya."

"Cire, a warware."

"A'a," ya ce. "Daidai take."

Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihun kwat, mai mota ya iso. Babu wanda ya ɗauka a cikinsu, sai ni na sauka na ba shi haƙuri.