Ɓatan Watan Auta Mai Guga

Shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku, amma har yau Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Shekara tara ke nan tana guga a wani shagon wanki da ke bayan tashar mota. Teburinta yana kusa da ƙofa, an shimfiɗa masa tsohon bargo mai tabon ƙuna. Ba ta da surutu, amma hannunta na da kyau. Akwai masu kawo kaya su ce in ba ta nan a ajiye sai ta zo.

Mijinta direban tifa ne a wani kamfanin da ke shimfiɗa hanya can nesa. Wata goma sha ɗaya rabonsa da gida, sai dai waya. Ita da yaran da uwar mijin, wadda kowa ke kira Inna, suke zaune a ɗaki biyu da tsakar gida.

Watan farko da ba ta ga al'adarta ba, ta ce gajiya ce. A na biyu ta ce zafin shago ne. A na uku, tana wanka da safe, sai ta ga ruwan nono yana tsattsafowa, alhali ƙaramin ɗanta ya shekara huɗu da yaye. Ta daɗe a tsaye da soso a hannu. Ta san ba namijin da ya kusance ta. Ta kuma san in magana ta fita, ba kowa ne zai tsaya jin ta bakinta ba.

A makon ne Inna, tana tsintar shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ni kuwa Auta, ban ga kin yi fashin salla ba tun kafin yara su koma makaranta."

"Jikin ne, Inna."

"To," in ji Inna. Ta ci gaba da tsintarta.

A shago ma abubuwa suka fara rikice mata. Kanta yakan sara daga bayan idanu, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ci gaba. Sau biyu kafaɗarta na bugun bakin ƙofar da ta shekara tara tana bi. Wata rana wani mai kaya ya tsaya a gefenta yana miƙo takarda har ya gaji, ba ta gan shi ba sai da ya yi gyaran murya. Abokiyar aikinta mai wanki ta leƙo tana dariya.

"Wannan sanyin jiki naki fa? Ko dai an samu ƙaruwa ne? Maigida ta waya ya turo?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta juya ga teburinta, ta ci gaba da guga.

Ranar hutunta ta tafi gidan yayarta ta faɗa mata komai. Yayar ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da ita.

"Ki gaya mini gaskiya, ni ce fa. Ko wani ne ya yi miki ƙarfi?"

"Wallahi Yaya babu."

Yayar ta je wani kemis mai nisa, inda ba a san su ba, ta sayo tsinken gwajin ciki guda biyu. Suka tsaya a kansa a ƙofar banɗaki suna jira. Layi ɗaya ya fito. Na biyun ma layi ɗaya. Yayar ta sauke ajiyar zuciya, ta ce a kai wa Inna ta gani da idonta.

Auta ba ta motsa ba. Ta ce, "To Yaya, in ba ciki ba ne, mene ne?"

A asibiti, wata likita mai farin gilashi ta sa aka ɗebi jininta, gwajin ya nuna babu ciki. Ta tambaye ta ciwon kai, ta tambaye ta nonon. Sannan ta ajiye biro, ta matso da kujerarta.

"Rufe ido ɗaya, ki kalli hancina. In kin ga yatsana ki faɗa."

Likitar ta miƙa hannu can gefe, tana kawo yatsan sannu a hankali. Auta tana jira. Sai da ya kusa zuwa gabanta ta ce, "Na gani." Aka gwada ɗayan idon, haka. Yayar, da ke zaune a bakin gado, ta daina kaɗa ƙafa.

Likitar ta yi musu bayani a hankali. Ta ce tana zargin ƙari ne a can ƙasan ƙwaƙwalwa, irin wanda ke sa jiki ya ɗauka shayarwa ake yi, ya tsayar da al'ada, ya kuma danne jijiyar ido. Ta ce yawanci ba mugu ba ne, kuma sau da yawa yana jin magani, amma kada su yi jinkirin ɗaukar hoton kai.

Da suka koma gida yayar ta faɗa wa Inna. Tsohuwar ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta ta ce ita za ta riƙa raka Auta asibiti. Ba ta taɓa tayar da wancan zancen ba, Auta ma ba ta tayar ba.

Hoton ya nuna ƙarin, bai kai ƙwallon dabino ba. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi masu sa ta jiri da tashin zuciya. A wata na uku al'adar ta dawo, idon dama ya washe. Na hagu bai washe ba. Likita ta ce za a sake hoto nan da wata shida, in bai janye ba sai aiki, ta hanci ake shiga.

Auta ta koma guga, rabin yini. In za ta tsallaka titin tasha yanzu, sai ta juya kanta gaba ɗaya, ta sake juyawa, masu babur na yi mata tsaki. Mijin ya nemi hutu don ya zo ranar hoton. Har yanzu kamfanin bai ba shi amsa ba.