Faifan Sirajo da Muryar Malam Maliki

Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, na sha zama inda ake gardama a kan ko kamfanin da ke sayar wa mutum intanet yana da ikon zaɓen abin da zai yi gudu da abin da zai ja ciki. Ban taɓa ba maganar nauyi ba. A ganina gardamar ƙoshi ce, ta mutanen da wuta ba ta ɗauke musu. Da na dawo Birnin Kebbi ma ban sake ra'ayi ba. Inda ake fama da tsadar taki da ruwan da ke cinye shinkafa a fadama, wa zai tsaya kukan an rage masa gudun layi? Haka nake tunani har Allah ya haɗa ni da Sirajo.

Sirajo yana da shago kusa da tashar mota a Argungu, inda yake fotokofi da buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ya doshi hamsin. Ɗan Malam Maliki ne, malamin zaure da ya shekara arba'in yana ba da karatun fiƙihu. Cikin 'ya'yan Malam, Sirajo ne karatu bai zauna masa ba. Kansa na wajen rediyo da batir, har Malam kan ce, "Wanga ɗan nawa in an ce alif, waya yake gani." Amma bai hana shi ba. Tun yana ɗan shekara goma sha uku ya ba shi aiki guda: ya ajiye rikoda gaban buzu kafin a fara karatu, ya juya kaset in ya ƙare.

Haka aka tara kaset ɗari shida da 'yan kai. Malam yakan karanta da Larabci, ya warware da Hausar Kabi, yana kawo misali da komar kamun kifi da kwalekwale da rabon ruwa a lambu. Bayan rasuwarsa, Sirajo ya shekara uku yana kwashe muryar zuwa cikin faifan ajiya na kwamfuta, kaset bayan kaset, duk sanda shago ya lafa. Ya ƙi matse sautin don ya ragu, wai kada tarin Malam da dariyarsa su salwanta. Sai ga ambaliyar shekarar 2020. Soron da kasetocin suke ya zauna cikin ruwa, aka tono su daga laka ba mai moruwa. Daga ranar, duk abin da ya rage na muryar Malam Maliki yana cikin wani baƙin faifai da bai fi tafin hannu ba.

A bazarar 2023 faifan ya fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taunar ƙashi a cikinsa. Sirajo ya san abin da wannan ke nufi. Ya je kasuwar Birnin Kebbi ya sayo wani faifan ya juye, da ya zo buɗewa sai ya tarar da sunaye kawai, ba sauti. Jabu aka sayar masa. Kuma ko da na kirki ne, zuciyarsa ba ta kwanta da ajiyar da za ta zauna ɗaki ɗaya da ta farko ba. Ya ga abin da ruwa ke yi wa ɗaki ɗaya.

Ya kira Abdussamadu, tsohon ɗalibin Malam da ke koyarwa a Kano. Shi ya gaya masa akwai wata hanya da ake kira torent. Ba sai an ɗora kaya a rumbun wani kamfani ana biya duk shekara ba. Daga kwamfutar mai kaya ake gutsurawa, wannan ya ja yanki, wancan ya ja wani, su riƙa miƙa wa juna har kowa ya cika nasa.

"Ai wagga hanyar Malam ce!" in ji Sirajo.

Haka kuwa take. Littattafan zaure ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne. In Malam ya aro littafin da ba shi da irinsa, sai ya raba warƙoƙin ga ɗalibai goma, kowa ya kwafi rabonsa, sannan su yi musaya. Kafin mai littafi ya aiko a karɓa, an sami goma. Abdussamadu ya nemo mutum goma sha ɗaya cikin tsofaffin ɗalibai da 'ya'yansu, a Kamba da Yawuri da Doso da Kano, kowa ya yarda ya bar kwamfutarsa a buɗe.

A nan ne Sirajo ya yi abin da ya gada. Malam bai taɓa barin littafi ya fita zaure ba sai an tattara warƙoƙinsa an sa a gafaka an ɗaure, don kada ɗaya ta ɓace a hanya. Shi ma sai ya tattara karatun kaset ɗari shida ya dunƙule su ƙunshi guda, ya aika a haka. Bai tambayi kowa ba, don bai ga abin tambaya a ciki ba.

Ya ɗauki tsarin data na kamfanin da layinsa ke kamawa a unguwar, wanda tallarsa ke cewa ba iyaka. Kwana biyu abu na gudu. Ranar Talata da hantsi allon ya nuna kashi goma sha tara cikin ɗari sun fita. Ranar Laraba sha tara. Ranar Juma'a ma sha tara. Ya ɗauka sabis ne ya lalace, sai ya buɗe wasan ƙwallo a kan layin nan, ya ga 'yan wasa na gudu ba ko tsayawa. Ya aika hoto, ya tafi nan take. Abu ɗaya ne ke jan ciki, muryar mahaifinsa. Mako guda cur kafin sha tara ta zama ashirin.

Ya rufe shago ya hau mota zuwa ofishin kamfanin a Birnin Kebbi. Wanda ya saurare shi wani matashi ne mai suna Ikrima, ɗan Ambursa, mai fara'a. Ya duba kwamfutarsa ya ɗago.

"Baba, layinka lafiya lau yake. Torent kake yi?"

"Awo."

"To shi ne. Injin kamfani in ya gane irin wannan zirga-zirgar, shaƙe ta yake yi. Yawanci masu satar fim ne ke bin ta."

"Ka ga na yi kama da ɓarawon fim? Karatun mahaifina ne. Ni na ɗauka da hannuna."

"Allah ya jiƙan Malam. Amma inji bai san Malam ba, Baba. Ka ɗauka rabon ruwa ne a fadama. In mutum guda ya buɗe bakin kwaminsa yini da kwana, na ƙasa da shi mi za su samu?"

"Ɗana, kada ka koya mini rabon ruwa. Mai injin ban-ruwa in zai rage maka, gabanka yake gaya maka, kuma ba ya rubuta ba iyaka a jikin injinsa. Kun ce ba iyaka ko ba ku ce ba?"

Ikrima ya yi murmushi, ya juyo masa allon. Can ƙasan wani dogon rubutun Turanci, da ƙananan baƙaƙe, an ce kamfani na da damar sarrafa gudun wasu nau'o'in amfani don a yi wa kowa adalci.

"Ka danna ka yarda ranar da ka saya."

"Wa ke karanta wanga? Kai ka karanta?"

"Ni ma da na fara aiki na gan shi," in ji Ikrima, ya rage murya. "Wallahi da maɓallin na hannuna da na sake maka yanzu. Ko manajanmu bai da shi. Sai dai ka rubuta koke, mu tura sama."

Ya rubuta, shafi biyu, da hannu. Aka ba shi lambar koke a guntuwar takarda.

Da ya biya ta gidan ƙanwarsa Rauda a unguwar Nasarawa, ta saurare shi tana tsince shinkafa a tire, sannan ta ce, "Yaya, ka bar mutanen ga. Ka sayi memori ko goma, ka zuba abin da ya samu, ka ba direbobin Kamba da na Yawuri. Ko kaset hamsin munka tsira da su, ai mun tsira."

"Kashi ashirin sun riga sun tahi. In na tsayar in kwance ƙunshin, daga farko za a koma, faifan kuma ba ya son wahala. Ballantana haƙƙina ne, Rauda. Ba roƙo na je ba."

"Haƙƙi! Faifan ya san haƙƙi? Kai dai tun muna yara in ka kafe sai an kira Malam. Yanzu wa za mu kira?"

Ya yi dariya, amma bai bi shawararta ba. Yana da tabbacin cewa duk wanda ya karanta shafi biyun nan zai gane. Malam ya koya musu cewa ciniki da aka ɓoye aibinsa ba ciniki ba ne, kuma Sirajo bai taɓa zaton akwai wurin da wannan magana ba ta da kunnen da za ta shiga ba. Sau huɗu yana zuwa ofishin nan na Birnin Kebbi. A na biyu aka ce koken na kan hanya. A na uku Ikrima ya ce an amsa, amsar kuwa layi ɗaya ce, an duba an ga sabis ɗinsa na aiki yadda aka tsara. A na huɗu ya tarar an canza wa Ikrima wurin aiki, wadda ta gaje shi ta ce ya fara bayani daga farko.

A shago ya ɗora faifan kan tubali, ya juya masa fanka, shi kuwa yana zufa. Masu zuwa fotokofi har sun saba, sukan ce, "Malam Sirajo, yau nawa?" Ya ce ashirin da uku. Wani mako ya ce ashirin da huɗu. Ƙarar na ƙaruwa.

Mako na bakwai, wata Asabar bayan azahar, yana cikin buga wa wata mata takardar neman aiki, sai ya lura shagon ya yi tsit. Faifan ya daina ƙara. Ya cire ya mayar, ya canza igiya, ya kai wa masu gyara a Birnin Kebbi, ya aika da shi Kano. Duk amsa ɗaya, faifan ya mutu. Aiken ya tsaya a kashi ashirin da shida.

Sirajo ya yi wa kansa lissafi cewa kashi ashirin da shida na ɗari shida ya haura kaset ɗari da hamsin, ba a rasa duka ba. Abdussamadu ne ya warware masa ta waya, a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa. Torent ba daga farko yake jerowa ba, tsinta yake daga ko'ina. Da kowane kaset zaman kansa yake, da sun zaɓi ɗaya-ɗaya sun kammala. Amma ƙunshi guda ne, kuma ƙunshi ba ya kwantuwa sai ya cika. Mutum goma sha ɗaya na riƙe da abin da ba mai iya buɗewa.

Daga baya wani masanin kwamfuta ya taimaki Abdussamadu suka tsamo guntaye, kowane bai fi minti ɗaya da rabi ba. Babu farko babu ƙarshe, ba a san littafi ba, ba a san shekara ba. Sirajo ya kunna mini ɗaya a shagon. Muryar tsoho ce mai kauri, yana cewa, "...to in kwalekwalen na mutum biyu ne, ɗaya ya ce a tsallaka, ɗaya ya ce a jira, hukuncin shi ne..." sai ta yanke. Tsofaffin ɗaliban sun saurara, uku sun ba da hukunci uku mabambanta. Rauda ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, kuma ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Na ga akwatin intanet a kan tebur, fitilarsa na ƙyaftawa, da tambarin kamfanin nan a jikinsa. Na tambaye shi me ya hana shi barinsu bayan duk abin da ya faru.

Ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo. "In bar su in koma ina? Nan unguwar su kaɗai ke kamawa. Jibi kuma za a buɗe rajistar jarrabawa."