Guntun Kara da Tankin Baƙin Mai

Da sunan Allah nake farawa, Shi Ya fitar da ni lafiya, Shi Ya mayar da ni. Mutanen layinmu da suka gan ni na fita da asuba riƙe da guntun kara sun dame ni da tambaya, to ga amsar.

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa tsohuwar motata juyen mai da hannuna a garejin gida. Baƙin man kuwa a wani rami nake tuttule shi a gindin katanga, taku bakwai daga rijiyar da masallacinmu ke ɗiban ruwan alwala. Ranar Laraba Liman ya shigo da buta, ya miƙo mini ya ce, "Malam, shinshina." Na shinshina, na ji motata a ciki. Bai ƙara komai ba, don ya san ni da kaina na karantar da mutane cewa ruwan da warinsa ya jirkita ba a tsarki da shi. Tun daga ranar jama'a suka koma sayen ruwan mai moya, masu turo jarkoki a kura. Na yi alkawari tsakanina da Ubangijina ɗigo ɗaya ba zai sake taɓa ƙasar gidan nan ba. Ga shi lokacin juyen mai ya yi, dole in nemo tankin tara shi.

Maisandari, ƙarfe shida saura kwata

Kafin in fita na kwanta a ƙarƙashin mota, na yanki karan dawa daidai tazarar ƙasa da cikinta. Na rubuta a jikinsa da ajami faɗin da nake so da yawan man da take sha, lita huɗu. Da aka sallame sallar asuba na tari Keke Napep a bakin titi. A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ya tambayi abin da zan yi da kara, na ce awo ne, ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu.

GRA, ƙarfe shida da minti ashirin

Na sauka gidan Alhaji Bukar, ƙanen matata, tsohon ma'aikacin gwamnati. Wata uku ke nan yana cika mini kunne da tankin da ya gani a waya ya sa aka kawo masa. Ya tarbe ni da gaisuwarsu ta "wushe, wushe," aka kawo shayi da ƙosai mai zafi, sannan ya ja ni gareji kamar zai nuna mini sabon doki.

Abu ne ja, tsayinsa ya kawo mini ƙirji, da mazurari a ka mai faɗin faifai, da tayoyi huɗu, da wani agogo a gefe wanda shi kansa Alhaji bai san abin da yake aunawa ba. Ya ce lita tamanin yake ci. Na jingina karana a jikinsa, bai ko wuce tayoyin da kirki ba. Na tambaye shi ta ina wannan raƙumi yake shiga ƙarƙashin mota.

"Malam, kai dai ka tsaya a zamanin da. Ba shiga yake ba, motar ake ɗagawa sama."

"Ina abin ɗagawar?"

"Yana hanya."

Ashe kayan manyan gareji ne masu injin ɗaga mota. Kafin injin ya iso, direbansa a yankakkiyar jarka yake tare man, ya hau benci, ya juye cikin mazurarin. Na dubi ƙasan bencin, baƙi ƙirin, ya fi ramina muni. Na ce masa Allah Ya sanya alheri, amma in haka ne ai jarkar ce ke aikin, tankin albashi kawai yake ci. Ya ce hassada ce.

Wajen Fos Ofis, ƙarfe tara da kwata

Alhaji ya rantse sai ya kai ni inda wayayyu ke sayayya. Muka shiga motarsa, sanyi kamar cikin randa, minti goma sha biyu muka tsaya gaban wani shago mai ƙofar gilashi. Mai shagon ya karɓi karana, ya riƙe shi a kife, ya dubi rubutun ya tambaye ni ko na tsari ne. Na ce e, tsari ne daga sayen banza.

Ya fara fito da wani faranti na roba. Tsayinsa ya yi, amma da na danna da babban yatsa sai ya lotsa, kuma ba murfi. Na tambaye shi yadda zai kasance in man da ya fito daga inji da zafinsa ya sauka a ciki, a zafin garin nan da ke narkar da silifas. Ya ce ba a taɓa dawo masa da shi ba. Na ce wanda ya narke ai ba ya dawowa. Na biyun na ƙarfe ne, naira dubu arba'in da biyar, da tayoyi ƙanana kamar na wasan yara. Ya gangara mini shi a kan tayil ɗin shagon, sul, ba ƙara. Na ce masa ƙasan garejina yashi ne. Ya ba ni shawarar in sa tayil. Wato in sayi tanki, in sayi daɓe, wataƙila daga baya in sayi gidan da ya dace da su.

Da muka fito na ce zan gwada maƙeran Gwange. Alhaji ya dubi farin takalminsa, ya tuna yana da baƙi a gida. Muka yi sallama.

Gwange, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi

Keke ya sake ɗauka ta. Mun yi kusan minti ashirin a cunkoson gada, kogin a ƙasa ya ja baya sai leda da awaki. Mai keken da ya ji buƙatata ya ce, "Baba, wurin Bitrus zan kai ka," ya kutsa lungu uku ya ajiye ni gaban wata rumfar kwano.

Bitrus mai walda dattijo ne daga wajen Biyu, idonsa ɗaya ya ƙanƙance saboda wutar aiki. Ya karɓi karan da hannu biyu, ya ce shi ba ya karanta wannan rubutu, in karanta masa. Na karanta. Ya tambayi ko yashi ne ko siminti, ko sau nawa nake juye a shekara, ko akwai jikoki da kaji a gidan. Tun safe ba wanda ya yi mini tambaya ɗaya irin wannan. Sannan ya ce:

"Baba Malam, daga ƙasa har cikin mota ka auna?"

"Daidai, ba ragi."

"To hannunka da sifana ta ina za su bi su kwance noti?"

Ya ɗora yatsu huɗu a kan karan, ya karya, ya miƙo mini guntun. Ni da nake ta yi wa mutane dariya tun safe, sai ga dariyar ta dawo kaina. Da na samu tanki daidai karana a shagon gilashi, da na saya, da na zo gida na cusa shi ya toshe wurin, in koma tara a yankakkiyar jarka kamar direban Alhaji.

Ya ce ba zai yi da tsohuwar gangar fetur ba, don ya taɓa ganin abin da wuta ke yi da ita. Ya yanko sabon falankin ƙarfe ya haɗa tanki shimfiɗaɗɗe mai cin lita ashirin. Samansa ya gangaro zuwa rami guda, da rariya don kada noti ya faɗa ciki, da murfi mai murɗawa, da ɗan famfo a kusurwa. Maimakon tayoyi ya lanƙwasa ƙarfe biyu a ƙasa yadda za a ja shi kan yashi. Da aka kira azahar shi ya nuna mini masallaci. Bayan salla na ci burabusko da miyar yakuwa wurin wata mai abinci a bakin lungun, ya fi ƙosan GRA riƙe ciki.

Ƙarfe uku ya cika tankin da ruwa, ya ɗora kan busasshen yashi, muka zauna kwata guda muna kallo. Wani ɗan danshi ya fito a kusurwa, wanda ni ban ma gani ba. Ya zubar ya sake bi da wuta, ya sake cikawa. Kuɗinsa bai kai rabin na mai tayoyin shagon gilashi ba. Ya kuma haɗa ni da wani kafinta maƙwabcinsa da ke shafa baƙin mai a katakon rufi saboda gara, ya ce in tanki ya cika shi zai zo ya ɗauka.

Maisandari, ƙarfe biyar da minti goma

Na iso gida tanki a kan cinya. Ban ko cire riga ba na shimfiɗa tsohon farin buhu a ƙarƙashin mota, na tura tankin, ya shige, hannuna ya bi ta sama a sake. Na kwance noti, man ya sauka ta rariya, na murɗe murfi. Na jawo buhun na duba shi a hasken rana, fari tas.

Ranar Asabar aka haƙe baƙar ƙasar ramin aka fitar, masu yasa suka shiga rijiya suka kwashe. Alhaji Bukar ya aiko a ara masa karana. Na ce a gaya masa ya kwanta a ƙarƙashin tasa motar ya yanki nasa, ya kuma rage yatsu huɗu.

Jiya Juma'a Liman ya dawo da butarsa. Na ja guga da kaina na zuba masa. Ya kai hanci, ya daɗe, ya ɗanɗana ya tofar.

"Tukuna, Malam."

Na ce na ji. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina zubawa ba mako guda zai fitar da shi ba. Ruwan alwalar masallaci yana wuyana wurin mai moya har ranar da hancin Liman ya yarda. Na gode wa Allah da Ya nuna mini laifina tun ina da ƙarfin gyarawa, na gode wa Bitrus da ya karya mini kara. Guntayen biyu na rataye su a ƙofar gareji, ina ganinsu duk lokacin da na wuce da butar ruwan saye.